Gangar Lado a Zauren Ilu Sankira

Duk wanda ya ci kasuwa tsakanin Karaye da Rogo a zamanin Turawa ya san muryar Ilu Sankira, ko da bai san fuskarsa ba. Mutum ne ɗan firit, kai ka ce iska za ta yi gaba da shi, amma in ya buɗe baki har jakuna sai su yi tsit. Aikinsa shela. Abin da hakimi ya ce a gaya wa talakawa, na haraji ne ko na ɗiban soja, Ilu ke yawo da shi kasuwa-kasuwa. Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai Lado makaɗi, mutumin Jajaye, wanda sai ya kaɗa ganga mutane sun taru sannan Ilu ya yi gyaran murya. Tun suna samari suke tare, ƙwarya ɗaya suke shan fura a hanya.

Cikin shelolin nan akwai wadda Ilu ya fi ji da ita. In aka rataye mai kisan kai a birnin Kano, akan aiko a faɗa a kasuwannin ƙasar da ya fito, don na baya su shiga taitayinsu. To, ranar ka ga Ilu a cikin ruwansa. Ya faɗi sunan mutumin, ya faɗi na ubansa, ya ƙara gishiri a kan kaurin igiyar da shi kansa bai taɓa gani ba, har mata masu sayar da daddawa su toshe kunne. A hanyar gida yakan ce wa Lado igiyar nan ce ke riƙe da ƙasa, ba don ita ba da mutane sun cinye juna ɗanye. Lado ba mai musu ba ne, sai ya gyara ratayar gangarsa ya ce Allah dai ya kyauta.

A shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Bama, aka yi wata damina mai gardama. Ruwa ya ɗauke dawa tana bunni, mutane kuma da ma sun cika gonaki da gyaɗa. Kafin bazara ta raba, gidaje da yawa sun koma dusa da ganyen kuka. Makaɗi kuwa a lokacin yunwa shi ne farkon wanda ake mantawa, don ba biki, ba suna mai armashi.

Shi Ilu Allah ya rufa masa asiri. Yana da babban rumbu da ya liƙe bakinsa da laka tun kaka, bisa al'adar da ya gada wajen ubansa, cewa ba a fasa shi sai ruwan shuka ya sauka. Da wannan yake taƙama, har yakan yi wa maƙwabta gori wai ba su iya tattali ba.

Wata ranar Talata da hantsi Lado ya yi sallama a zaurensa, ganga a kafaɗa, alhali ba shela a ranar. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ina gajiya, ba gajiya. Ina iyali, lafiya lau. Yaya Sabuwa da yara, suna gaishe ka. Rigar Lado tana reto a jikinsa kamar an shanya ta a kan kara, amma bakinsa bai daina godiya ga Allah ba. Da zai tashi sai ya jingine gangar da bango.

"Sankira, ajiye mini wannan a wurinka. Ta fi zama lafiya a nan."

Ba wanda ya tashi a ƙasar nan da bai san wannan ba. Mai sana'a in ya kawo kayan aikinsa gidan aboki ya bari, hatsi yake roƙo, kunya ce ta hana shi faɗa. Abin da ake yi, a bi shi da dami kafin ya isa gida, kowa ya yi kamar bai gani ba. Turai, matar Ilu, tana bayan zana ta ji komai. Ta ce, "Malam, a fasa rumbun nan mana." Ya ce ta fita batun, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, in ruwa ya sauka shi da kansa zai kai wa Lado. Ya ɗauki gangar ya rataye ta a turke, har da kakkaɓe mata ƙura.

Ruwa bai sauka ba. Abin da ya sauka labari ne daga ƙauyen Fulatan. Ƙafafun 'ya'yan Lado sun fara kumbura, shi ne ranar kasuwa da rana tsaka ya hau rumbun wani manomi, Hammawa, yana zaton kowa ya tafi. Ashe mai gidan yana kwance ba lafiya. Ya fito ya riƙe masa ƙafa yana kiran ɓarawo. Lado ya kai masa duka da fatanyar da ya fasa rumbun, duka ɗaya, a ƙeya. Bai ma gudu ba, a gefen gawar aka same shi zaune. Magada suka ce ba su yafe ba, aka wuce da shi birni.

Bayan tafiyarsa sama ta saki. Ilu ya fasa laka, ya leƙa, ya ga dawa maƙil har wuya. Da wannan rumbu gidansa ya ci damina, da shi Turai ta riƙa aika wa Sabuwa, matar Lado, awo, aka yi girbi ma da saura. Abin da ya fi cin ransa ke nan.

Bayan kaka saƙo ya iso cewa an rataye Lado, hakimi ya ce a faɗa a kasuwar Rogo. Ba makaɗi, dole Ilu ya sauke gangar daga turke ya rataya da kansa. Bai iya kiɗa ba, amma mutane sun san amon fatar, suka taru fiye da kullum. Ya faɗi sunan Lado, ya faɗi na ubansa. Da ya zo wurin da yakan ce na baya su ji tsoro, sai muryar nan da ke kashe bakin jakuna ta ƙi fita. Bai sake yin shelar rataya ba. Har ya tsufa, in aka tada musun igiya a dandali, wasu na cewa ita ke hana kisa, amsarsa ɗaya ce: duk ƙasar nan ba wanda ya kai Lado jin labarin igiya, don a gabansa yake tsaye kullum ake faɗa.

A ranar da ya yi shelar, daga kasuwa gida ya nufa, ya labta wa jaki dammuna, ya ɗora gangar a sama, ya kora zuwa Jajaye. Sabuwa ta fito cikin takaba, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi Turai. Ta dubi kayan da ke kan jakin, ta daɗe tana dubawa.

"Sannu da ɗawainiya, Malam Ilu," ta ce. "Ai dami ɗaya ma da ya isa, a wancan lokacin."