Goggona da takardar hoton da aka ninke

Kun taɓa ganin mutumin da yake goge ƙurar inji kullum da safe, injin da zai iya gano ciwon da ke cinsa, amma ba a tsayar da shi gaban injin ba sai da lokaci ya wuce? To goggona ce, ƙanwar babana, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu da mamata ta rasu, babana direban babbar mota ne ba ya zama.

Shara da goge-goge take yi a asibiti, shekara ashirin da biyu. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu tun kafin a kai ni wurinta, ɗakinmu ɗaya gadonmu ɗaya. Nas-nas suna ce mata Hajiya Bokiti, ita kuma ta ce musu 'yan fararen kaya marasa goge ƙafa. Makullai tara ne a zare a wuyanta, tana tafe suna ƙara, tun daga ƙofa ake sanin ta iso. Kuma wallahi ta san kowane likita da sawun takalminsa, in ta goge ƙasa wani ya taka kafin ta bushe sai ta bi shi har ofis ta ce ranka ya daɗe ka manta sawunka a waje, in kawo maka ne?

In ta dawo gida kuwa sai kwaikwayo. Akwai ɗakin da likitoci ke shan shayi da hantsi, ita ke wanke kofuna, duk hirarsu a kunnenta. Babbansu kowa Oga yake ce masa, shi ya koyar da rabinsu aiki. Da aka kawo sabon injin ɗaukar hoton nono, mai gano ciwon daji, wato kansa, tun tana ƙarama, Oga bai hana kowa amfani da shi ba fa, ku gane, babu wata doka. Shi dai ya ɗaga yatsunsa biyar ya ce ga injinsa nan, shekara talatin bai taɓa neman wuta ba. Goggo sai ta tura ciki gaba ta ɗaga yatsu ta yi muryarsa, sannan ta yi min dariyar kowane likita ɗaya bayan ɗaya, har ta wanda abin bai ba shi dariya ba. Ni kuma in yi ta birgima a gado.

Takardun tura mutum hoto a wani faranti ake tara su a ɗakin shayin kafin mai injin ya zo ya kwasa. Oga yana kurɓar shayi yana ɗaga su yana karanta sunan likitan da ya rubuta. Shi ke nan fa. Ba faɗa ba zagi, ya karanta sunanka kawai ya kalle ka ta saman tabarau, sauran su kwashe da dariya. A hankali farantin ya zama babu komai a ciki sai cokali.

Akwai wata ƙaramar likita sabuwar zuwa, goggo tana ce mata Auta, ita tana ce wa goggo Mama. Auta ta tura mata uku hoto a sati ɗaya, duk ukun aka ce lafiyarsu lau. Oga ya ce a nema mata shago a bakin titi tunda ɗaukar hoto ta karanta, ta riƙa yi wa amare. Goggo ta ce ranar a bayan gida ta same ta tana wanke fuska, idonta ja wur.

Bayan kwana goma goggo tana wanka ta ji wani abu a nononta na hagu, kamar ƙwallon dabino. Ni ta fara nuna wa, na taɓa, ba ya ciwo. Washegari ta ja Auta cikin ɗakin duba marasa lafiya ta rufe ƙofa. Auta ta taɓa ta sake taɓawa, ta jawo takardar hoto ta cike har ta sa hannu. Sai ta tsaya. Ta leƙa ta kira wani abokin aikinta, shi ma ya duba, ya ce yana motsi ai, da Oga ne zai ce kitse ne, a ba shi wata uku a gani. Ya kalli takardar ya ce wa Auta ke ba kya gajiya da shago?

Da ya fita goggo ta ga yarinyar ta tsaya tana kallon takardar. Sai ta ce, "Auta, bar shi. Kada su sake yi miki dariya saboda tsohuwa mai shara. Wata uku ba nisa."

Auta ta ninke takardar ta sa a aljihu. Goggo ta ɗauki bokitinta ta tafi ɗakin injin ta goge shi tas kamar kullum.

Wata uku ya zo an mayar da Auta ɓangaren yara, goggo kuma ba ta son ta dami mutane. Ni ina ta mita, ita tana ce min likitoci biyu sun taɓa, ke wace ce. Ta fara ɗaukar bokiti da hannun dama kawai. Ta daina kwanciya ta hagu. Kwaikwayon ma ya ragu, sai ta fara ta ce bari ta ɗan huta.

Wata na takwas Oga ya tafi wani taron likitoci ya haɗu da abokan karatunsa. Abin da ya faru a can ba mu sani ba, direbansa dai ya ce sun yi masa tsiya sun ce har yanzu da lalube yake aiki. Ranar da ya dawo ya ɗaga farantin ya ce wai me ya sa inji ke zaune a banza, aljanu aka kawo wa? Sati bai cika ba kowane likita yana rubuta hoto, har wanda ya ce kitse ne, layi har bakin matakala. Goggo ta yi min kwaikwayon wannan ma, tana dariya tana dafe da hammata.

Auta ce ta zo da gudu ta same ta tana goge baranda, ta karɓe sandar daga hannunta ta jingine a bango, ta kai ta gaban layi. Aka yi hoton, aka ɗebi ɗan nama aka gwada. Kansa ce, ta shiga hammata, daga baya suka ce ta taɓa ƙashi. Oga da kansa ya yi aikin, kuma ya yi ƙoƙari ba zan yi masa ƙarya ba. Aka yi ta ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi. Goggo da ke ɗaga bokiti biyu ta koma ni ke ɗaga ta.

Ran nan da la'asar Auta ta zo gidanmu ta durƙusa bakin gado ta ce Mama ki yafe min. Goggo ta ce ai ita ce ta ce a bari.

Auta ta ce, "Ke kika ce, Mama, amma ni ce likitar."

Goggo ta ɗora hannu a kan Auta ta daɗe. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu, ranar Talata da hantsi, kanta a cinyata. Allah ya jiƙan ta.

Ni ban san ko da an yi hoton tun farko za ta rayu ba, Auta ma ta ce ba za ta iya rantsewa ba, amma ta ce da an fi samun dama sosai. Don Allah in kin ji ƙullutu a jikinki ki tambayi likita maganar hoto, ki sake tambaya, kada ki ji kunyar kowa kuma kada ki ji tausayin kowa. Ku tura wa iyayenku mata da yayyenku, in kuna da likita a gida shi ma ku tura masa ya karanta.