Tsirkiyar Hanji Daga Filin Tanis Zuwa Garayar Kawu

Mun tashi da asuba daga Gusau, ni da ƙanena, ina rungume da jakar leda kamar mai ɗauke da jinjiri. A ciki akwai tsirkiyar hanji, irin wadda nake saƙa wa manyan 'yan wasa a raket ɗinsu na tanis, domin sana'ata ke nan. Wani alhaji ne ya yo odarta daga waje, da na gama masa saƙa sai ya bar mini ragowar.

Dalilin tafiyar Kawuna ne, makaɗin garayar maharba a wani ƙauye kusa da Bukkuyum. Tun da mai murza masa tsirkiya ya rasu ya rataye garayar, ya ce ba zai kaɗa zaren kamun kifi ba. Ga shi autarsa za ta auri ɗan sarkin maharba a Gummi, kowa kuma ya zuba ido.

A Anka ruwa ya tare mu. Muka fake a rumfar mai shayi, muka ci ƙosai mai zafi wanda yajinsa ya sa ƙanena hawaye. Ni hankalina na kan jaka, don hanji ba ya shiri da laima. Da ya sha danshi sai ya kumbura ya saki, in kuma zafi ya yi yawa ya tsuke har ya tsinke. Shi ya sa ko a filinmu, da hadari ya haɗo, masu raket ɗin hanji su ne farkon gudu.

Daga Bukkuyum babur muka hau, 'yan acaɓa sun ƙara kuɗi wai saboda laka. Gero ya kai ƙirji hagu da dama. Inna, matar Kawu, ta tarbe mu da fura mai nono har sama. Kawu kuwa ko zama bai bari na yi ba. Ya warware tsirkiyar, ya shinshina, ya ɗan cije ta.

"Hanji na!" in ji shi. "Ɗana, ina kas samo wagga?"

Na ce da ita ake buga ƙwallo. Ya daɗe yana dariya, ya ce ashe Turawa ma sun san abin kirki.

Sai dai ta zo da matsala. An shafe ta da wani abu mai sheƙi, muryarta ta fito a toshe. Na kankare shi a hankali da reza, Kawu ya murza mata man kaɗe. Muka ɗaura, ta saki. Muka ƙara ja, ta sake saki. Kawu ya ɓata rai. Na ce ya yi haƙuri, sabon hanji sai ya gama miƙewa yake tsayawa, haka yake yi mini a raket. Muka rataye ta da dutse a rumbu ta kwana. Da safe muka ɗaura ta a garaya, ya taɓa ta sau ɗaya, daɗin muryar ya sa Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu.

Ranar biki a Gummi, bayan la'asar, maharba suka cika fili da layu da bindigogin toka. Kawu ya fara kiɗa, ga hadari ya taso daga gabas. Ina ji da kunnena muryar garayar tana sauka saboda laima. Shi ko a jikinsa. Yana waƙa ya tura zoben fatar da ke riƙe tsirkiyar da babban yatsa, murya ta koma wurinta. Wani tsohon maharbi da aka kawo a kan kujera ya miƙe ya yi kirari, fili ya kaure da guɗa.

Can tsakiyar waƙa na ji Kawu ya sako ni: "Ɗan ƙanwata mai saƙar raga, shi ya ba garaya baki!" Mutane suka waiwayo suna nema. Ƙanena ya ɗaga hannuna sama, ban hana shi ba.

Washegari muka kamo hanyar gida da kilishi da kwalbar man kaɗe. Na daɗe ina jin nauyin faɗin sana'ata a ƙauye, gani nake wasan masu kuɗi ne kawai. Tafiyar nan ta nuna mini cewa ni da Kawu aiki ɗaya muke yi, kowa da kunnen da yake sauraron tsirkiya. Ya ce in dawo bayan girbi mu yanka akuya, mu gwada murza tamu da hannunmu. Na riga na nemi hutu.