Kuncin Banwari Mai Begila

A unguwarsu a Kanpur ta ƙasar Indiya, duk angon da aka raka gidan amarya babu begilar Banwari, to rakiyarsa ba ta cika ba. Tun yana saurayi yake busa a ƙungiyar 'yan badujalar gidan Gulshan, cikin jan kaya da hula mai tuntu. Tsakanin waƙa da waƙa sai ya yaga ƙunshin gutka, garin tabar nan mai ƙamshi, ya cusa a kuncin hagu. Kowa a ƙungiyar haka yake yi, amma shi ciwon ya zaɓa.

Da ɗan farin tabo abin ya fara. Kafin ya yarda ya je asibiti ya zama sankara. Aka yi ta ɗura masa maganin nan mai zubar da gashi, aka gasa wurin da na'ura har fatar ta yi tauri kamar ƙirgi, duk da haka ciwon ya dawo. Sai wuƙa. Likitar ba ta ɓoye masa ba: naman da ya sha gashi ba ya son riƙe ɗinki. Haka kuwa aka yi. Ɗinkin ya kwance, aka sake, ya kuma kwancewa, ya bar masa huji a kunci wanda babban yatsa zai shige. In ya kurɓi shayi, rabi ciki, rabi wuyan riga. Matarsa Phulmati ta koma ajiye masa abinci a bayan ɗaki, wai jikoki suna ƙyama. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya sake sa jan kayan nan ya shiga sahu.

Da lokacin bukukuwa ya kama, ya naɗe fuska da gyale ya nufi shagon ƙungiyar. Gulshan tsoho ya rasu, ɗansa Pappu ke kan kujera. Ya tarbe shi da sunan da suke kiran gwanaye:

"A'a, Ustad! Ashe kana da sauran shan ruwa? To busa mu ji."

Banwari ya kafa begila a baki ya hura. Iskar ta bi ta hujin ta fice, fiii.

"Kai!" in ji mai babbar ganga. "Ustad ya tafi asibiti da begila, ya dawo da sarewa!"

Shagon ya ɗauki dariya, har da waɗanda shi ya koya wa riƙon begilar. Ba a taɓa rasa marasa kunya a irin wannan wuri.

Pappu ya share hawayen dariya. "Bari in yi maka alfarma saboda Baba. Ka shiga sahun baya."

Sahun baya kowa ya san shi. Mai biki ya biya a kawo masa mabusa cike da titi, alhali masu iyawa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran 'yan dako ne da masu turin keke, a sa musu kaya, a miƙa musu lotsattsun begiloli, su riƙa yi kamar suna busa. Duk rayuwarsa Banwari gumaka yake kiransu. Ya ji abin har ƙashinsa, amma ya karɓa.

Biki ɗaya ya yi. Ya toshe hujin da auduga, ya miƙe ƙyam, yatsunsa suna bin waƙar daidai, babu kuskure ko ɗaya. Ranar har murna ya yi.

Washegari da hantsi Pappu ya aika a kira shi.

"Kawun ango ya zo da faɗa. Wai ya gane muna cika sahu da 'yan bogi, kuma kai ya nuna."

"Ni? Pappu, ni kaɗai ne a sahun nan na san waƙar."

"Wa ke kallon yatsu, Ustad? Kumatu ake kallo. Ba busa na nema a wurinka ba, kumbura kunci kawai, shi ma ya gagare ka. Cire rigar a kai wa mai wanki, ya dirje wuyan da kyau. Ga wani ɗan dako can yana jira."