Maganin Mama Saratu da Na Sayar a Bata

Samari, ku matso kusa, yau bakina ba zai rufu ba! Ni ɗin nan da kuke gani ina tsalle a majami'a lokacin sujada, ɓarawo ne a da. Ban taɓa haura katanga ba, da murmushi nake sata.

Na zo Kano ina saurayi a shekarun da kuɗin man fetur suka fara zuba. Na kama ɗaki a Fagge, ina dako a tashar jirgin ƙasa, ranar Lahadi kuma ina cikin mawaƙa a wata ƙaramar majami'a a Sabon Gari, inda mutanen yankinmu ke taruwa. Muryata kuwa, ba yabon kai ba, har tsofaffi sai sun share hawaye.

Muna da wata al'ada. Duk mai zuwa gida, in an tashi sujada sai ya miƙe ya faɗa, kowa ya kawo saƙonsa. Ba shaida, ba rantsuwa, ai ɗan'uwa ne cikin Ubangiji. Da yake na saba da ma'aikatan jirgi, na fi kowa zuwa.

Gwangwanin madara na fara zarewa daga kwalin wani. Shiru, ba wanda ya tambaya. Sai sabulu, sai turmin atamfa. In magana ta taso in ce ɓarayin jirgi ne, har a taya ni jaje! Gari kuwa ya rikice, wannan da sabon babur, wancan da rediyo a kafaɗa, ga wando mai faɗin ƙafa yana share titi. Na ce ni ɗan wa, da za a bar ni a baya?

Akwai Baba Ɗanladi, kafinta ne kuma dattijon ikilisiya. Matarsa Mama Saratu tana ƙauye tana fama da ciwon ƙirji. Wata Lahadi ya miƙo mini ƙunshi ya ce, "Ɗana, maganin Mamanku ne. Likita ya ce kada ya yanke. Hannu da hannu." Na durƙusa na ce, "An gama, Baba."

Ko jirgin ban hau ba. Na kwashe saƙon jama'a kaf na kai wa wani dillali a Bata, kusa da kasuwar Sabon Gari, har da ƙunshin. Na laɓe a Fagge na 'yan kwanaki, sannan na fito ina miƙa wai gajiyar hanya. Baba ya tare ni ya ce, "Yaya jikin nata?" Na ce, "Da sauƙi, ta ce a gode maka." Kun ji inda na kashe ta. Da cewa na yi ya ɓata, da ya sake saya ya aika.

Kafin Kirsimeti ta rasu. Da aka je biso, wato jana'izarta, asiri ya tonu, don ba wanda ya ga ƙeyata a ƙauye. Daga hannun 'yan sanda sai kotu, daga kotu sai gidan yari.

A can ba kwarkwata ce ta hana ni sakat ba, tsoron Allah ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa sani ba duk waƙar da nake yi. Wani fasto yakan zo mana. Na ce masa, "Fasto, rai ne a wuyana. Wane tuba ya rage mini?" Ya ce, "Biya kake son yi? Da me? Yesu ya riga ya biya a kan gicciye. Naka shi ne ka daina ƙarya, ka fara da daina yi wa Allah." Na zube a nan na faɗi komai, har wanda kotu ba ta sani ba. Kai, jama'a! Na tashi sakayau, ina dariya ina kuka, gandiroba ya ɗauka na zautu. Faston ya ce, "A hankali dai. Saura waɗanda ka cuta."

Da aka sake ni, na tsaya gaban ikilisiya na faɗi laifina da bakina. Aka sa ni horo: zama a bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji. Wasu sun yafe nan take. Baba Ɗanladi kuwa ko gaisuwata ba ya amsawa, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar da aka ɗage horon, ana Jibin Ubangiji, kuma Baba Ɗanladi ne ke zagayawa da farantin gurasa a layinmu. Na ce a raina in ya wuce ni, na bar Kano ke nan, kuma ban san ko bangaskiyata za ta tsaya ba. Ya iso. Ya tsaya. Ni kuma ban miƙa hannu ba. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ɗauki. Ba teburina ba ne. Da nawa ne, da yunwa za ka tashi. Mai shi ne ya ce a ba ka, yadda ya ce a ba ni."

Na ɗauka, na ci! Haleluyar da ta kuɓuce mini ran nan, sai da mawaƙa suka rasa inda suke.

To 'ya'yana, ku ji tsoron Allah tun ba a kai ku inda aka kai ni ba. In an ba ku amana ku kai ta. In kuma kun riga kun ci, ku faɗa yau, kada ku rufe da daɗin baki. Allah ya cece ni, wannan ba shakka, ina murna da shi kullum. Amma Baba Ɗanladi shi kaɗai ya ƙarasa tsufansa.