Guzurin 'Yar Fari

Tun ranar da aka kai 'yata yaye Rogo, gidan iyayen mijina, abu ɗaya ke damuna: me za ta ci? Yarinya ce mai tsirfa. Ba ta shan kunu sai na tsamiya, kuma ko ƙwayar daddawa ta gani a miya sai ta tsame ta ajiye a bakin kwano. Ni na san wannan, amma ba ni da bakin faɗa. 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban manya.

Da kaka ta yi aka sayar da gyaɗa, surukaina suka ɗaura niyyar Makka ta ƙasa, a babbar mota, ta Barno har Sudan. Mijina ne ya kawo mini labarin a gidanmu na Karaye, yana wanke hannu zai ci tuwo.

"Da yarinyar za su tafi. Iya ta ce ba ta iya barci in ba ta jikinta."

Na ce, "Allah ya kai su lafiya."

Abin da ya rage mini guzuri ne. Na soya gyaɗa, na daka dakuwa ban sa yaji ba. Na cura tsamiya, na yi garin kunu. Daddawa kuwa na dake ta lukui, yadda ba za ta gan ta ba. Ranar kasuwar Rogo na kai.

Iya ta ɗanɗana dakuwar ta yi dariya. "Af, babu yaji? Ni kika yi wa ko ƙawata?"

Na sunkuyar da kai. Yarinyar ta zo ta riƙe zanena da hannu duk maiƙo. Mata cike da tsakar gida suna kallo. Na zare zanen a hankali, na ce, "Je ki wurin Iya."

Shekaru suka wuce. Duk wanda ya dawo daga gabas sai na je barka da zuwa. Wani malami a ƙauyen Yola, nan kusa da mu, ya ce ya gan su a Sudan suna tsinkar auduga. Tsohon, uban mijina, ya rasu a can, Iya ta yi gaba da yarinyar, bai san ina ba.

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, yara me suke ci a can?"

Ya ce kisira, wata waina ce ta dawa, sirirya kamar ganye, mai tsami. Da dafaffen wake da mai. A Makka kuma gurasa da dabino da shayi.

Da na ji tsami sai hankalina ya ɗan kwanta, ƙila ta ci. Na dawo gida na jiƙa dawa ta kwana, na gwada a tanda, ta ƙone. Na zauna na cinye ƙonanniyar ni kaɗai.

Kai mai karatu, in tafiya ta kai ka Sudan ko Makka, ka duba mini. Tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. In ka ga wata na tsame abu daga miya tana ajiyewa a bakin kwano, don Allah ka gaya mata uwarta na nan Karaye, ba ta tashi daga gidan ba.