Ragon da ban yanka ba

Ina shekara ta uku da bin Almasihu matata ta haifi ɗanmu na fari, a Bangi, bayan farin nan da ya share dabbobi. Rago ɗaya gare ni, tun cikin na wata biyu nake kiwonsa da harawa da dusa. Ba naman ne ya dame ni ba. Inna nake so ta tako gidana ta ɗauki jikanta, domin tun ranar da na dawo daga asibitin mishan da wannan bangaskiya ba ta sake shan ruwan randata ba. Ba ta zage ni ba, ba ta tsine mini ba. In na je gaishe ta sai ta amsa tana kallon ƙasa, ni kuwa da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Wuƙa ce matsalar. A garinmu yankan wanda ya bar salla mushe ne. Na riga na gani da idona: wata Kirsimeti na yanka akuya na aika gida-gida, kwanuka suka dawo a rufe yadda suka tafi. Matata ta ce mu kira fasto daga Madawa ya yi addu'a, mu ci da ƴan'uwa masu bi, wanda ya ƙi zuwa ya hutar da mu. Gaskiya ta faɗa, sai dai ni tsoro ya riga ya cinye ni. Ina jin yadda gobe za a goranta wa ɗana cewa ba a yanka masa ba.

Ana gobe suna na tafi wurin liman, aminin marigayi babana, na roƙe shi ya zo ya yanka. Ya daɗe yana kallona, sa'annan ya ce, "Ɗana, ka komo hanya?"

Dattawan da ke kan tabarma suka zuba mini ido. Ban ce i ba, da wannan na yi shekaru ina wanke kaina. Sunkuyar da kai na yi, na ce, "Malam, ai ɗa ba shi wuce gida." Ya yi hamdala, kowa ya miƙo mini hannu.

Da safe ƙofata ta cika. Aka raba goro, aka raɗa suna, liman ya kwantar da ragon. Mutanen da suka shekara uku ba su amsa gaisuwata ba suka riƙa kirana da sunan ƙuruciya, abin kunyar kuma shi ne na ji daɗi. Matata kuwa ta shige ɗaki. Littafinmu na ibada ta ɗauke daga inda yake ta tura ƙarƙashin katifa, tun ban roƙe ta ba. Wannan ya fi mini mari zafi.

Da hantsi Inna ta shigo. Ta ɗauki yaron tana tsokanarsa, wai wannan miji nata ko goron gaisuwa bai kawo ba. Na gasa hanta na kai mata da hannuna. Ta dubi kwanon, ta ture shi gefe a hankali, ta rage murya don kada mata su ji.

"Ni na haihe ka, na san huskarka in kana ƙarya. Shekara ukku ina shan kunya cikin mutane, amma ina ce ma raina ɗana ba shi da baki biyu. Yau kuma mi za ni ce?"

Ta mayar wa matata yaron, ta yafa zanenta ta fita.

Na sha karanta labarin almajirin Almasihun nan da ya yi musun Ubangijinsa kafin zakara ya yi cara. Shi dai ya samu ya fita waje ya yi kuka. Ni ko wurin kuka ban samu ba, gida cike da baƙi, ana ta kirana in zo in raba nama. Na tsaya bayan rumbu ina cewa, Ya Ubangiji, kai kaɗai ka san ko ni wane ne, don ni kam na daina sani. Ban gama ba aka kira azahar, liman ya leƙo yana murmushi, ya miƙo mini buta.