Alwala a Komin Shanu

A gidanmu na Tudun Wada, Inna ta rene mu da doka guda: ɗan mutunci ba ya karɓar abu a tayin farko. In an ce maka bismilla, ka ce ka ƙoshi, ko da cikinka na kiran ciroma. Sai mai gida ya sake tayi, ya haɗa ka da Allah, sannan ka miƙa hannu kamar an tilasta ka. Da wannan tarbiyya na tafi kwas Jamus.

Wata Asabar malamin da ke kula da ni, wani dogon Bature, ya ce mu je hawan dutse. Da na ji dutse sai na tuna Kufena, da muke hawa muna yara mu sauko kafin la'asar. Na sha shadda da takalmin zuwa Juma'a, tunda babba ne ya gayyace ni. Shi kuwa ya zo da gajeren wando, ga jaka a baya kamar mai ƙaura.

A gindin dutsen ya miƙo mini gorar ruwa.

"Ungo, na zo maka da taka."

"Na gode, ba na jin ƙishi," na ce, ina jiran tayi na biyu.

"To," ya ce. Ya mayar da ita mota, ya kulle.

Ban taɓa ganin mai saurin yarda da maganar mutum irinsa ba.

Dutsen nan ba ya ƙarewa. Rana ta take, harshena ya koma kamar kilishi, takalmi ya saɓule mini dunduniya. Bature sai ya tsaya ya kafa kai a gorarsa, maƙogwaro na hawa da sauka, ni kuma ina duban bishiyoyi. Wallahi na tsane shi a lokacin. Kalma ɗaya za ta cece ni, amma roƙo ke nan, kuma gara in suma. Ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Ya sake yarda.

Can sama muka iske shanu masu ƙararrawa a wuya, ga kominsu na katako, ruwa na zuba ciki daga wani bututu. Nan take na tuna azahar ta yi. Na durƙusa alwala. Kurkurar baki sau uku ce, amma ranar na yi ta maimaitawa, kuma ko ɗigo bai dawo waje ba. Ina cikin haka wata saniya da na tare wa wuri ta tunkuyo ni ta baya. Na faɗa komin da shadda da hula.

Bature ya ciro ni, ya ce bai san addininmu na son ruwa haka ba.

Da na dawo Zariya na kwashe labarin duka na gaya wa Inna, da fushina, don ta ga inda dokarta ta kai ni. Ta saurara har ƙarshe, tana jan carbi.

"Amma dai ba ka roƙa ba ko?"

"Ban roƙa ba, Inna."

"To, alhamdulillahi," ta ce. "Ga kunu can, za ka sha?"

Na ce na ƙoshi.